Wai me za mu kira common reading da Hausa?

Jama'a ina fassara wani labari ne na maƙale. A jami'o'in Amurka da yawa ana zaɓar littafi guda a ce duk sababbin ɗalibai su karanta a hutu kafin su shigo, sai a makon farko a raba su rukuni-rukuni su tattauna da malamai, galibi ba jarabawa ba maki. A kawo suna.

Malam na ga ka ce karatun share fage, Allah ya ƙara basira, amma wannan an riga mu, duk wanda ya ji zai ɗauka rimediyal ake nufi. Karatun zaure kuwa mai shi na nan da ransa.

'Yar'uwa da ta ce karatun bai-ɗaya, ya yi kusa sosai wlh, sai dai yana da ƙamshin dole, kuma ai dolen ce ke haddasa rigimar. A 2002 jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill ta zaɓi littafin Michael Sells, fassarar gajerun surorin Alƙur'ani da sharhi har da faifan ƙira'a, shekara ko ɗaya ba a yi ba da harin 11 ga Satumba, sai wata ƙungiyar Kiristoci, Family Policy Network, ta garzaya kotu wai jami'ar gwamnati na cusa wa yara Musulunci, kotu ta ƙi dakatarwa, ita kuma jami'ar ta ce wanda ba zai karanta ba ya rubuto dalilinsa. A jami'ar Duke a 2015 wasu ɗalibai sun ƙi buɗe littafin Fun Home da aka zaɓa musu saboda zanen tsiraici da batun maɗigo, alhali can ma ba tilas ba ne. Littafin nan dai ya sa majalisar jihar South Carolina ta yi yunƙurin zaftare wa College of Charleston dala 52,000 a 2014, saboda kwalejin ta zaɓe shi don irin wannan karatu.

Ni dai karatun gayya ya fi kwanta min. Gona ɗaya, an gayyato kowa, wanda bai zo ba ba a kai shi gaban alƙali, iyakaci a yi da shi.

Yaya, ka ce za a ji kamar "da gayya" aka yi. To ai masu ƙorafin abin da suke faɗa kenan, cewa da gayya aka zaɓo littafin 😂 Na sa shi haka a fassarar, edita in ya ga dama ya canza.