Ruwan tafarnuwa da ƙwayoyin MCF-7: sakamako ya ƙi daidaita

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu aikin ɗakin gwaje-gwaje. Ina gwada ruwan tafarnuwa a kan ƙwayoyin sankarar mama na MCF-7 da gwajin MTT, wato sinadarin da ƙwayoyi masu rai ke mayarwa shunayya, ina auna ƙarfin launin da haske mai tsawon zango 570 nm (nanomita). Sabon ruwa yana kashe su sosai, amma da ya kwana a firij sai ƙarfinsa ya ragu. Na san alisin, wato sinadarin da ke samuwa idan an daka tafarnuwa, ba ya daɗewa, to ku yaya kuke adana naku ruwan tafarnuwar?

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, ramukan farantin gwajin da babu ƙwaya ko ɗaya, ruwan tafarnuwa ne kawai da MTT, su ma suna rikiɗewa shunayya. Sinadaran sulfa ne ke jawo haka? In wanke ƙwayoyin kafin in zuba MTT, ko in koma gwajin SRB, wanda ke auna yawan furotin na ƙwayoyin?