Sammu ne ko guba? Zaure ya kaure kan mutuwar ƙanin Baban Ummi

Baban Ummi: Jama'a yau raina a ɓace yake. Ƙanina ya ci abincin da aka aiko masa da daddare, kafin asuba sai amai da dalalar yawu, da azahar mun kai shi makwancinsa. Na roƙi likita a gwada jininsa a gano ko sammu aka yi masa, ya ce ba su da kayan aikin. Gwamnatin da ke sayen manyan motoci ta kasa ware wa masana sinadarai kuɗi su kafa mana ɗakin gwajin binciken laifi ko guda? Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA tun 2017, zamanin Ambode.

Malam na Bakin Kasuwa: Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri. Amma Baban Ummi, sammu ba ya fitowa a kwalbar gwaji. Asiri ne, maganinsa addu'a.

Anti Nas: Allah Ya gafarta Malam, da yawan abin da muke kira sammu guba ce tsagwaronta. Amai, dalalar yawu, ƙwayar ido ta tsuke, alamun fiya-fiya ke nan, irin su Sniper. Kuma ana gane ta a jini in an ɗiba da wuri.

Malam na Bakin Kasuwa: Wato ƙaryata sihiri kike yi, Hajiya? Yana cikin Alƙur'ani fa.

Anti Nas: A ina na faɗi haka? Koma ka karanta.

Ɗan Fagge: Mu dai a gidanmu in an ce sammu, a abinci ake zubawa. Wanda ake binnewa a ƙofar gida shi ne asiri.

Kawu Direba: Yaro, ba ka san Hausa ba. Duk sammu ne. An yi wa wani abokin aikina, ko ruwan gidan bai sha ba.

Ɗan Fagge: Kawu, labarin tasha ba hujja ba ne.

Jar Hula: Wai Legas ɗin da ake yabo, ba ƙona cibiyar aka yi ba a rikicin EndSARS, Oktoban 2020? Da mawaƙi Mohbad ya mutu a 2023, tono gawar aka yi aka tura samfuri Amurka, ƙarshe likita ya ce gawar ta ruɓe, ba a iya tantance sanadi ba.

Ɗan Fagge: Ko ba komai gwamnan APC ne ya gina.

Jar Hula: APC ta yi shekara 8 a Kano, 2015 zuwa 2023, ina nata ɗakin gwajin?

Ɗan Fagge: Ku 'yan Kwankwasiyya da kuka karɓa a 2023 fa?

Ɗalibar Sinadarai: Don Allah a dawo kan magana. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta duniya MSF suka shigo aka gane. Muna da malamai a jami'o'inmu da za su iya aikin, na'urori da kuɗin bincike ne babu. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na ba da tallafin bincike, me zai hana a ware wa wannan fanni kaso?

Kawu Direba: 'Yata, wa zai yarda a farke gawar ɗan'uwansa? Mu wanka, sallah, kabari.

Baban Ummi: Kawu, jini na ce, ban ce a farke kowa ba.

Shugaban Zaure: To a tsaya haka. Abin da aka cimma: sammu gaskiya ne kamar yadda Malam ya yi bayani, na'ura ba ta ganinsa, kuma su kansu 'yan Legas ɗin abin bai yi musu amfani ba. A guji jayayya da malamai.

Anti Nas: Shugaba, da wa aka cimma wannan?

Baban Ummi: Ragowar abincin na nan a firji, na ƙulle a leda. Matar marigayin da maƙwabciyar da ta aiko da abincin sun daina gaisawa, dangi na cewa a kai ƙara. Wa ya san inda zan kai shi a gwada?