Ƙarshen wasan hasumiya: yaya ake gina gadar Lucena?

Assalamu alaikum, masana wasan darar ces. Ina neman taimako kan wani ƙarshen wasa da ya hana ni barci tun gasar ƙarshen makon nan.

Ni ke da farare: sarkina a b8, sojana (pawn) a b7, hasumiyata (rook) a c1. Abokin karawata yana da sarki a d8 da hasumiya a a2. Na buga Rd1+, wato na kai hasumiya d1 na ba shi cek (hari kan sarki), sarkinsa ya koma e7, na fito da sarki c7. Daga nan ya yi ta ruwan cek daga baya har matsayi ɗaya ya maimaitu sau uku, aka tashi canjaras.

Wani dattijo a kulob ɗinmu ya ce matsayin Lucena ne (sanannen tsari na ƙarshen wasan hasumiya da soja), nasara ce a hannuna da na fara kai hasumiya d4, ta zama garkuwa idan sarki ya sauko b5, abin da ake kira gina gada. Wannan na gane. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne me ya sa layi na huɗu, ba na biyar ba? Kuma idan sarkina yana c6, abokin karawa kuma ya daina cek hasumiyarsa ta tsaya jira a b2, me zan buga? Don Allah ku rubuto mini motsin ɗaya bayan ɗaya.