Diskina ya ce ya cika alhali lissahi bai kai ba, a taimaka

mai_kamara_Tawa:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin ordinatar ku agaza mini, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ina da ɗan situdiyo nan Tawa, bidiyon biki da suna nika ɗauka, kuma duk aikina cikin diski guda shike, wanga na waje da aka liƙawa da kabul, tera 1. Ran lahadi ina cikin juye bidiyon wani biki da munka yi Illela sai kuran ya tahi, ordinatar ta biro ce kuma ba ni da ondilar (batirin da ke riƙe ordinatar in wuta ta yanke), komi ya mutu lokaci guda. Da wuta ta dawo na kunna, diskin ya buɗe lahiya lau na ce alhamdu lillahi. To tun sannan ko hoto guda na so sawa sai ya ce espace disque insuffisant, wato babu sauran wuri, layin ga ya yi ja wur. Na share tsohin bidiyo wajen jiga 40, na zubda korbai (kwandon shara na ordinatar), ko mega ɗaya bai ƙaru ba. Na zaɓi dosiye duka na duba nauyinsu jiga 640 na gani, shi kuwa diskin 931 ya rubuta kuma wai saura mega 200. To ina sauran, aljannu sunka ci? Ga dangin amarya suna ta kira na, ga wani suna ran asabar ban da inda zan zuba.

ɗan_tasha:
Formate shi kawai maigida, minti biyu ya koma sabo. Ni haka nika yi ma kle ɗina.

yar_sibar:
Kai ɗan_tasha ka ji tsoron Allah, mutum ya ce duk abincinshi na ciki kai ka ce shi formate. Yaya ka duba ko birus ɗin ga ne mai ɓoye dosiye ya bar maka rakursi (alamar da ke nuna hanyar dosiye kawai, ba shi kansa ba), a sibar ɗinmu kullum sai an kawo kle haka. In ka ga dosiyenka da ƴar kibiya a gindi to shi ne.

tsohon_teknisiyen_Yamai:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komi, daina rubuta wani abu cikin diskin nan, kada ka ƙara share komi, kada ka formate. Maganar ƴar'uwa tana faruwa sosai amma tunda abin ya biyo bayan yankewar wuta ne ni ba can hankalina ya tafi ba.

Na farko dai 931 ɗin nan ba cuta ba ce, masu ƙera diski suna ƙidaya da 1000, Windows tana ƙidaya da 1024, shi ya sa tera 1 ke fitowa haka. Wanda ya ɓace maka wajen jiga 290 ne.

Ka ɗauka diski kamar babbar kasuwa ce mai rumfuna. In NTFS ne, wato tsarin da Windows ke jera fishiye da shi, akwai rajista babba, MFT, da ke cewa fishiye kaza yana rumfa kaza, akwai kuma wata takarda daban, bitmap, ita aikinta kawai ta ce rumfar nan da mutum, waccan babu. Lokacin da Windows za ta faɗa maka sauran wuri ba zagaya kasuwar take ba, takardar nan take dubawa. In wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, balle in akwai wuraren da suka fara lalacewa a jikin diskin, sai takardun biyu su saɓa, mai rumfa ya tashi amma takarda na cewa yana nan, ko kuma kaya na cikin rumfa amma sunan mai su ya fita daga jeri. Na biyun nan shi nake ji maka tsoro, don jiga 290 ya yi yawa a ce iska ce. Ka zauna ka ƙirga dosiyenka ɗaya ɗaya, babu wanda ya ɓace?

Ka sauko da CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar diski, kyauta ne, ka duba layin 05 da C5, su ke ƙirga wuraren da suka lalace ko suka fara lalacewa. In ya nuna shuɗi da sauƙi, in ruwan ɗorawa ne diskin ya fara gajiya. Ko wanne ne ka ari wani diski ka kwashe abin da ke buɗuwa tukuna, bikin Illela farko. Sai bayan nan ka buɗe cmd, baƙar tagar da ake rubuta ma Windows umarni, a matsayin administratar ka buga chkdsk E: ba tare da komi ba (ka sa harafin naka diskin), wannan dubawa kawai yake ba ya taɓa komi. In ya ce akwai matsala sai chkdsk E: /f, shi ke gyarawa. Wasu za su ce ka sa /r, ni ban so a diski mai ciwo, yana bin kowane lungu awa da awa, ga zafin bazara ga wutar da ba ta da tabbas, na ga diskin da ya ƙarasa mutuwa a haka a kan teburina.

mai_Ubuntu:
Mu ma can Linux haka ne, df mai faɗin sauran wuri ya ce ya cika, du mai auna nauyin dosiye ya ce ƙarya ne. Wani lokaci ma ba lalacewa ba ce, inode, guraben rajistar fishiye, su ne suka ƙare, df -i ke tona shi. Amma maigida kada wani ya ce maka ntfsfix na Linux zai gyara, ba ya yin aikin chkdsk, ka tsaya Windows ɗinka.

mai_kamara_Tawa:
Baba Allah shi saka da alheri, wallahi kamar kana ɗakin. Na ƙirga, dosiyen 2022 gaba ɗaya babu shi, ni ban ma lura ba don ban cika buɗe shi ba, gabana ya hwaɗi. CrystalDiskInfo ya ba ni ruwan ɗorawa, C5 ya tashi daga 0. Na ari diski wajen abokina mai wankin hoto, kwana guda cur ina juyewa, na kai aikin gidan maƙwabci mai sola don tsoron kuran. Sannan na yi /f ɗin, ya yi ta zubo rubutu, da ya ƙare jiga 40 ɗin da na share sunka dawo amma sauran shiru. Na ce shi ke nan. Sai na tuna maganar yar_sibar ta ɓoyayyun dosiye, na shiga opsiyon na cire alamar ɓoye fishiyen sistem, sai ga wani dosiye found.000, ciki dir0000.chk, na buɗe sai ga bukukuwan 2022 jere da sunayensu, jiga 250. Ashe diskin bai yi ƙarya ba, cike shike da kayana. Da na bi ta ɗan_tasha da yanzu ina ina.

Abin da ya rage bidiyo guda na bikin Illela, wanda nika juyewa lokacin, yana tsayawa daidai minti 12 wajen kai amarya, kuma katin kamarar na riga na yi wani aiki bisanshi.

tsohon_teknisiyen_Yamai:
Madalla. Kwashe found.000 ɗin yau ba gobe ba, diskin nan kuma kada ka sake ba shi amanar aikin mutane, kuɗin sunan asabar ka sa su a sabo da ƙaramin ondilar. Katin kamara kuwa cire shi ka aje, gwada PhotoRec a kai, manhajar tono fishiyen da suka ɓace, in sabon aikin bai hau daidai wurin ba wani lokaci ana samu. Jiga nawa ne katin, kuma nawa ka ɗauka bayan bikin?