Miyar chili ta Texas: me kuke zubawa a madadin giya?

Uwargida a Houston:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Lahadi maƙwabciyata ta aiko mana da chili, jar miyar naman san nan mai barkono da 'yan Texas suke ji da ita kamar yadda muke ji da miyar kuka. Ƙamshi ya cika falo. Na tambaye ta me da me ta zuba, tana lissafowa har ta zo kan gwangwanin giya guda. Na yi godiya na ce ba ma ci. Baiwar Allah ta yi ta ba da haƙuri, wai ai wuta ta ƙone giyar. Yara kuwa sun ƙwallafa rai. Wa ya taɓa dafa ta babu giya?

Ɗalibi a Austin:
Wa alaikumus salam Anti. Zancen wuta ta ƙone ta ba haka yake ba. A lissafin ma'aikatar noma ta Amurka, bayan minti 15 a kan wuta kusan kashi 40 cikin 100 na barasar yana nan, bayan awa ɗaya kashi 25, sai an kai awa biyu da rabi yake sauka zuwa 5. Giyar da ake rubuta wa "marar barasa" ma a nan tana iya ɗauke da barasa har kashi 0.5 cikin 100. Ni romon ƙashi nake zubawa, shi ke nan.

Direba a Dallas:
Ku dai kada ku yi irin wautata. Na ce ai giya daga sha'ir ake yin ta, sai na juye kwalba biyu na lemon malt irin namu na gida. Miya ta koma kamar an kwarara mata zuma. Na ƙara gishiri, na ƙara attaruhu, ina! Kwana uku ina cin ta dole don kuɗin nama ya yi mini zafi.

Hajiya 'yar Maraɗi:
Ƙanwata, abin da giyar take yi musu biyu ne: tana kankaro ƙanzon da nama ya bari a gindin tukunya, tana kuma kawo ɗan ɗaci da ɗan tsami. To wannan ai muna da maganinsa. Ki samu busasshen barkononsu, ancho da guajillo, ki zazzage 'ya'yan, ki ɗan gasa su a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi. Kada ki bari su yi baƙi, ɗacinsu ba ya gyaruwa. Ki jiƙa a ruwan zafi minti 20 ki markaɗa. Naman ki yanka ƙanana, ki soya kaɗan-kaɗan har ya yi ja, in kika lafta shi gaba ɗaya ruwa zai fitar. Da kin kwashe, ki zuba rabin kofin baƙin kofi da cokali biyu na ruwan tsamiya, ki kankare da muciya. Sai albasa, tafarnuwa, kumin, romo, ki rage wuta ki manta da ita awa biyu. In ta yi ruwa-ruwa, cokali ɗaya na garin masara zai kama ta.

Direba a Dallas:
Hajiya wake fa?

Ɗalibi a Austin:
Kawu kada ka furta wannan a gaban ɗan Texas. Tun 1977 suka mai da chili abincin jiharsu a hukumance, kuma a wurin 'yan gargajiyarsu wake haramiyar tukunya ne.

Hajiya 'yar Maraɗi:
Mai 'ya'ya shida ba ta bin wannan doka. Ina zubawa, yana ƙara auki.

Uwargida a Houston:
Hajiya Allah ya saka da alheri, jiya na gwada. Na yi karambanin ƙara attaruhu uku. Da na kai wa maƙwabciyar tawa, cokali biyu ta yi ta hau tari tana neman madara, amma ta ce in rubuta mata sunan tsamiya. Maigida da tuwon shinkafa ya ci tasa.