"An ce yana cikin Littafi Mai Tsarki": yaya za a tantance?

Matashiya_Kagoro: Salama, 'yan'uwa. Yawancin koyarwar da muke riƙe da ita daga bakin iyaye, Zumuntar Mata da masu wa'azi muka ji ta. Yaya za a bambance wadda take rubuce da wadda aka ƙara a hanya?

Dattijon_Ikilisiya: 'Yata, karɓa daga bakin wani ba laifi ba ne. Luka kansa bai ce ya ga Yesu da ido ba. A Luka 1:1-4 ya nuna cewa daga shaidun gani da ido labarin ya iso, shi kuma ya bi diddiginsa tun daga farko. Bulus ma a 1 Korantiyawa 15:3 ya ce abin da ya karɓa shi ya miƙa. Matsalar ita ce miƙawa ba bincike. Mutanen Biriya kullum suna duba Nassi ko abin da Bulus ya faɗa haka yake (Ayyukan Manzanni 17:11).

Malamin_Lahadi: Gaskiya ne, Baba. 'Yar'uwa, fara da neman littafi, sura da aya daga wanda ya faɗa. In ya kawo, kada ki tsaya kan ayar kaɗai, karanta surar duka, ki ga wa ke magana, da wa, kuma kan me. Sannan ki gwada fassara biyu, misali ta Hausa ta 1979 da wata sabuwa. Inda aka fi tuntuɓe shi ne faɗuwar kalma ɗaya: ana cewa kuɗi ne tushen mugunta, alhali 1 Timoti 6:10 son kuɗi ta ce. Wani lokaci ƙari ake yi. Matiyu 2 bai faɗi yawan masana taurarin da suka zo ganin Yesu bayan haihuwarsa ba. Kyautai uku, zinariya da lubban da mur, su suka sa aka ce mutum uku. "Allah yana taimakon mai taimakon kansa" kuwa babu ita sam.

Mai_Bishara_Biliri: Har a zamanin manzanni hakan ta faru. Duba Yahaya 21:22-23. Yesu ya yi magana da sharaɗi, ya ce wa Bitrus in yana so almajirin nan da yake ƙauna ya zauna har shi Yesu ya dawo, amma labari ya bazu cikin 'yan'uwa wai almajirin ba zai mutu ba. "In" ɗin ce ta faɗi a hanya. Sai dai, Malam, a yi hattara wajen gyara manya. Kada a katse tsohuwa a tsakiyar taro; a bari a tashi, a buɗe littafin tare da ita a karanta mata wurin.