Faifan Cowboy Bebop: a sayo ko a haƙura?

Autan Gida: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yayana zai dawo daga Ingila bayan Sallah, ya ce in faɗi tsarabar da nake so. Raina ya kwanta da cikakken faifan Cowboy Bebop, shirin zanen nan na Japan, don kashi uku kawai na taɓa gani a wayar wani abokina. Waɗanda suka kalla, ya ci kuɗinsa? Kuma DVD zan ce masa ko Blu-ray?

Na Zazzau: Wa alaikumus salam. Ka ce ya sayo, ko shawara kada ka tsaya yi.

Malam Na Ƙofar Mata: Auta, kafin ka ba Yayanka amsa tsaya ka ji abin da ya same ni, don sau biyu ina asarar kuɗi a kan shirin nan. Na farko a wani shagon masu sayar da faya-fayai ne. Kwali mai ƙyalli, an rubuta kashi 1 zuwa 26, da na buɗe sai na tarar da faifai ɗaya tak. Ban yi lissafi ba a lokacin. Kowane kashi wajen minti 24 ne, ka ga duka ya haura awa 10, shi kuwa faifan DVD na gama-gari 4.7 GB yake ɗauka. Sai an matse hoton matsewar rashin imani kafin ya shiga. Duk inda kumbo ya ratsa cikin duhu sai allon ya farfashe kamar an watsa tsakuwa, fuskar Spike, jarumin shirin, ta dagule. Rubutun fassarar da ke ƙasa kuwa, sunan mutum ɗaya sai ya canza sau uku a kashi guda, kuma sai an gama magana an yi shiru sannan yake fitowa. Duk na daure. Abin da ya ci mini rai, ina kashi na 25, ana dab da warware rigimar Spike da abokin gabarsa Vicious, faifan ya tsaya cak. Na goge da auduga, na hura, na kai gidan maƙwabci aka gwada a na'urarsu, ko motsi. Na mayar wa mai shago ya ce kayan da aka buɗe ba sa dawowa. Na asali da aka fara fitarwa a Amurka faifai shida ne, to wanda ya miƙo maka ɗaya ka san jabu ne.

Daga nan na yi zuciya, na sa aka sayo mini Blu-ray na asali daga Amurka. Ya iso lafiya lau, na saka a PS4 ɗina da aka zo da ita daga Dubai, ta ƙi karɓa. Ashe masu Blu-ray gida uku suka raba duniya. A na su Amurka da Japan, B na Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya, C na su Sin da Indiya da Rasha. Faifaina A, na'urata B. Yana nan cikin durowa har yau, wallahi duk sanda na buɗe ta sai raina ya sosu. Kai ka yi sa'a tunda daga Ingila za a zo maka da shi, nasu B ne. Amma duk da haka Yayanka ya juya bayan kwalin ya duba harafin da idonsa kafin ya biya.

Na Zazzau: Bakano da son araha. Awa goma a faifai ɗaya, Malam, me kake tsammani za ka gani?

Malam Na Ƙofar Mata: Ai ku Zage-zagi aro kuke jira mu saya ku zo ku karɓa. Ina wanda ka karɓa bara?

Na Zazzau: Yana hanya.

Ɗan Damagaram: Mu nan bugun Faransa ya fi zuwa hannunmu. Nawa DVD ne mai lamba 2, don shi DVD da lambobi aka raba yankunansa, da muryar Faransanci da ta Japananci. Ƙasashenmu a lamba 5 aka sa su, amma ƙananan na'urorin nan 'yan Sin da ke kasuwa yawancinsu ba ruwansu da lamba, komai ka ba su suna ci. Shekara da shekaru ina kallonsa ba matsala, ko da intanet ko babu, in dai akwai wuta.

Anti Mai Lalle: Ni tambayata daban ce. Auta, da ƙannenka za ka kalla ko kai kaɗai? Don na ga mutane da zarar sun ga zane sai su ce na yara ne, su kunna a falo su fita.

Baban Yara: To ba katun ba ne? Ni har yau ban gane yadda gemai-gemai da mutum zai zauna kallon katun ba.

Anti Mai Lalle: Baban Yara, wannan bai dace da yara ba ko kaɗan. Akwai harbe-harbe da jini, akwai ƙwaya tun kashi na farko, sigari kuwa ba ta barin bakin Spike. Ga shigar Faye, macen da ke cikin jaruman, wadda ni ba zan so ƙannena mata su ɗauka ado ba ce. Ko a Japan ɗin, da TV Tokyo ta fara nuna shi a 1998 kashi 12 kawai ta saka da wani na musamman, sai da tashar WOWOW ta karɓa sannan aka nuna 26 ɗin gaba ɗaya. Ka kalla a ɗakinka bayan sun yi barci.

Autan Gida: Na gode Anti, ni kaɗai ne in sha Allah.

Yaya Injiniya: Baban Yara, ka ba shi kashi biyar kawai sannan ka dawo mu yi magana. Labari ne na shekarar 2071, wata ya tsage, ɓaraguzansa na ta faɗowa duniya, mutane sun watsu zuwa Mars da sauran wurare. Su Spike da Jet a kumbonsu Bebop suke zaune, farautar masu laifi suke yi don a biya su tukuici, amma kusan kullum da yunwa suke kwana. Tun kashi na farko Jet ya soya tattasai ya ce abincin nama da tattasai ne, Spike ya duba ya ga ba nama ko tsoka ɗaya. Duk wanda ya taɓa zaman haya da abokai a ƙarshen wata ya san wannan kwanon. Kowannensu akwai abin da ya baro a baya da ya hana shi sakat. Jet tsohon ɗan sanda ne da aka ci amanarsa, Spike ya gudo daga ƙungiyar 'yan daba ya bar mace, Faye ta farka bayan shekara 54 ba ta san ko ita wace ce ba, sai bashi jibge a kanta. Daraktan shirin, Shinichiro Watanabe, bai tsaya yi maka dogon bayani ba, ɗan kaɗan yake ɗiga maka, sai ka kai ƙarshe ka ga ashe tun farko ake shirya ka.

Baban Yara: Ka iya talla. Zan gani.

Ƙanwar Zaure: Yaya Injiniya ka manta yarinyar nan Ed da karen nan Ein. Ni saboda su biyu na kalla. Ranar da suka bar kumbon sai da na yi hawaye.

Na Zazzau: Ƙanwa, kin fara tona labari, Auta bai gani ba tukuna!

Ƙanwar Zaure: Wayyo, a yi haƙuri Yaya Auta.

Ɗan Damagaram: Shawarata ɗaya, da muryar Japananci za ka kalla. Koichi Yamadera shi ne Spike, sauran duk kwaikwayo ne.

Yaya Injiniya: Ban yarda ba. A wasu shirye-shiryen zan bi ka, amma ban da wannan. Muryar Turancin da Steve Blum ya yi ta zauna daram. Kuma in idonka na kan rubutun ƙasa, rabin faɗan zai wuce ka.

Ɗan Damagaram: Wanda ya saba karatu da sauri ba abin da ke wuce shi.

Yaya Injiniya: Wato mu ba mu iya karatu ba ke nan?

Anti Mai Lalle: Ku bari don Allah. Faifan asali duka biyun yana ɗauke da su, kowa ya danna wanda yake so.

Malam Na Ƙofar Mata: Maganar na'ura ta tuna mini kashi na 18. An aiko wa Faye tsohon kaset na Betamax, na'urar da za ta kunna shi kuwa ta yi wuyar samu a zamaninsu. Spike da Jet suka sauka duniya, suka ratsa rusasshen gini a ƙarƙashin ƙasa cikin ruwa da wahala, suka ɗauko na'ura, ashe ta VHS ce, kaset bai shiga ba. Da daga baya aka samu wadda ta dace, sai ga Faye tana yarinya tana yi wa kanta ta gobe magana, ita kuma tana tsaye tana kallo ba ta tuna komai ba. Sau huɗu na kalli wannan wurin. A jabun faifan na fara ganinsa, hoton duk a dagule, amma bai hana jikina yin sanyi ba.

Sabon Shiga: Ni nawa akwai baƙi a gefe biyu na allon, hoton bai cika talabijin ba. Ko shi ma jabu ne?

Yaya Injiniya: A'a, haka aka zana shi, da ma'aunin tsohuwar talabijin, 4:3. In ka ga ya cika allo to an ja shi ne ko an yanke sama da ƙasa. Ka bar shi yadda yake.

Na Zazzau: Ba wanda ya yi maganar kiɗa. Yoko Kanno da ƙungiyarta Seatbelts su ne rabin shirin. In kana da sifika mai kyau ka jona, kada ka bar shi a muryar talabijin.

Ƙanwar Zaure: Wanda Netflix suka yi da mutane a 2021 fa?

Ɗan Damagaram: Kashi 10 suka yi aka dakatar da shi. Ki bar shi kawai.

Yaya Injiniya: In Yayan naka yana da sauran wuri a jaka, ya haɗo maka da Planetes. Kamfanin Sunrise da ya yi Cowboy Bebop ɗin ne dai ya yi shi a 2003, shi ma kashi 26. Masu kwashe sharar sararin samaniya ne a 2075, ƙananan ma'aikata da kowa ya raina a ofis, alhali ƙusa ɗaya da suka bari tana yawo za ta iya huda kumbon fasinja. A wurina ya fi kusa da gaskiyar kimiyya.

Baban Yara: Wannan na masu sharar ya fi kwanta mini. Shi ma akwai sigarin?

Yaya Injiniya: Akwai wata matuƙiya da kashi guda sukutum a kan neman wurin shan sigarinta yake.

Autan Gida: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Amma har yanzu ba a ce mini DVD ko Blu-ray ba, kuma gobe da safe Yaya zai kira.

Malam Na Ƙofar Mata: Wace na'ura ce a gidanku?

Autan Gida: Ƙaramar DVD ce ta Baba, sai kwamfutar Yaya da ya bari.

Na Zazzau: Malam, tunda na durowar nan ba ya yi maka aiki, ka ba ni aro in gwada a wajen wani.

Malam Na Ƙofar Mata: Ka fara dawo da na bara.